Harshen Aro a Bakin Mekong

Turanci ba harshen uwata ba ne, ba kuma na ubana ba. A aji na tsince shi, kamar yadda dubban 'ya'yan Hausawa suka tsince shi, bulala a gefe guda, alkawarin aikin ofis a ɗaya gefen. Na bi shi daga Katsina har Jami'ar Bayero ta Kano, na fito da digiri a kansa, na yi bautar ƙasa, sannan na zauna wata 14 ina rubuta takardun neman aiki da shi, babu wanda ya amsa mini ko da da Hausa. Saboda haka ranar da wani abokin karatuna da ya riga ni fita ya ce ana neman malaman Turanci a ƙasar Tailan, ban tambaye shi yadda ƙasar take ba. Kuɗin jirgi na tambaya. Mahaifiyata tana da shanu biyu a hannun wani makiyayi, su ne duk abin da ta ajiye don tsufanta. Ta sa aka kai su kasuwa, ta ƙirga mini kuɗin a kan tabarma, ba ta ce in biya ba, ba ta kuma ce kada in biya ba.

A watan Mayun 2023 na tashi daga Kano, aka sauya mana jirgi a Addis Ababa, na sauka Bankok. Takarda ta farko da aka miƙo mini a ofishin kamfanin da ya ɗauke ni tana ɗauke da shekarar 2566, domin lissafinsu na addinin Buddha ya ɗara na Miladiyya da shekara 543. Daga tashar Mo Chit na hau motar dare, muka nausa arewa maso gabas kimanin kilomita 700, zuwa yankin da suke kira Isan. Gari na wayewa aka sauke ni a That Phanom, ƙaramin gari a lardin Nakhon Phanom. Abu biyu ne suka riƙe garin. Na farko wata doguwar hasumiya fara mai adon zinare, wadda mabiya Buddha suka yi imani ƙashin ƙirjinsa yana cikinta. Ta rushe a watan Agustan 1975 bayan ruwan sama na kwanaki, aka sake gina ta, kuma har yau tsofaffin garin suna ba da labarin faɗuwarta kamar mutuwar wani babba a gidansu. Na biyu kogin Mekong, mai faɗi da launin kunun kanwa a lokacin damina. Ƙetarensa ƙasar Lawos ce, kusa har kana iya hango shanya a kan igiya.

Abin da ya fara kama ni shi ne jahilci. Rubutun Tailan yana da baƙaƙe 44, wasulansa suna zama a gaba da baya da sama da ƙasa, kuma ba sa raba kalma da kalma. Ni da na zo koyar da karatu, sai ga ni a kanti ina jujjuya kwalba, ban san ko man girki ba ce ko sabulun wanke-wanke. A nan na tuna kakata, wadda take gane magungunanta da launin kwalinsu, mu kuwa jikoki muna yi mata dariya. Makonni da yawa da launi da zane nake sayayya, ina neman alamar halal a bayan kowane ƙunshi, domin naman alade yana shiga inda mutum bai zata ba.

Amma kunnena ya taimake ni inda idona ya gaza. Harshen Tailan yana da karin sauti biyar, kuma yana bambanta dogon wasali da gajere. Kalmar da baƙo zai ji kamar “maa” guda ɗaya, in an faɗe ta a miƙe zuwa ce, in an ɗaga ta doki ne, in an sauke sannan aka ɗaga kare ne. Baturen da muke aiki tare ya shekara uku a ƙasar yana kiran doki kare. Ni kuwa na fito daga harshen da wuyan riga da wuyar rayuwa sauti kaɗai ya raba su, garin mutane da garin tuwo kuma jan wasali. Ban san ina ɗauke da wannan jari ba sai da na ga masu sayar da abinci suna ajiye ludayi suna kallona in na maimaita abin da suka faɗa. Abincin ma bai yi mini nisa kamar yadda na zata ba. Shinkafarsu mai danƙo ce, ana zuba ta a ɗan kwandon gora, a gutsura da hannu a dunƙula loma a dangwala, tamkar tuwo. Suna da ruɓaɓɓen kifi da suke jefawa a miya, aikin da daddawa take yi mana. Ranar da na ga tiren soyayyar fara a kasuwar yamma, na saya na tsaya a wurin na ci, sai matar ta kira maƙwabtanta su zo su ga baƙon da ba a koya wa cire ƙafar fara ba.

Kalmar da na fi ji a makonnin farko ita ce “farang”. Haka suke kiran Bature farar fata, kuma a tunanin yawancin iyaye malamin Turanci farang ne. Ni ba farang ba ne. Hukumar malamai ta ƙasar ma ta raba mu gida biyu. Wanda ya zo da fasfon Ingila ko Amurka ko Kanada ko Ostareliya, ana ɗaukar Turanci a matsayin nonon da ya sha. Mu sauran sai mun zauna jarrabawar TOEIC mun kawo aƙalla maki 600, ko da kuwa tun daga firamare da Turanci aka koya mana lissafi. Na zauna, na wuce da nisa. Duk da haka albashina baht 20,000 ne, na abokin aikina ya kusa ninka shi, alhali abin da ya karanta a jami'a bai shafi harshe ba, kuma ni yake zuwa tambaya in ɗalibi ya ƙure shi a nahawu. Ban riƙe shi a zuci ba, mutumin kirki ne, ba kuma shi ya yanka farashin ba. Kasuwa ce, kuma a wannan kasuwar ana sayen fata tare da harshe. Kowane kwana 90 kuma sai na kai rahoton inda nake kwana ga jami'an shige da fice, don kada in manta cewa baƙo raɓa ne.

Sai dai ƙasar da ta rage mini farashi ita ce kuma ta girmama ni fiye da yadda na taɓa gani ana girmama malamin boko. Wata Alhamis a watan Yuni aka yi bikin da suke kira Wai Khru, ranar gaishe da malamai. Aka jera mu a kan kujeru, ɗalibai suka taho da rarrafe bisa gwiwoyinsu, kowane aji da tiren furanni. A cikin tiren akwai wani fure mai tsini kamar allura, alamar kaifin basira, da furen gauta wanda yake sunkuyar da kai, alamar tawali'u, da ciyawar kiri-kiri wadda ko an tattake ta sai ta tashi. Da suka kai goshinsu ƙasa a gabanmu sai jikina ya yi sanyi, domin ni a wurina goshi na Mahalicci ne shi kaɗai. Na riƙe kafaɗar yaron da ke gabana na ɗago shi da wuri, na karɓi furen da hannu biyu. Babu wanda ya ce mini komai. Haka kuma kowace safiya da ƙarfe takwas, in an gama taken ƙasa aka shiga addu'ar Buddha, nakan tsaya shiru hannuwana a gefe, ba a taɓa tambayata dalili ba.

Shugabar sashenmu mace ce da ta kusa ritaya. A al'adarsu kowa ko yayanka ne ko ƙanenka, “phi” ko “nong”, don haka tun ranar farko ta mai da ni ƙane. Ita ta samo mini ɗakin haya, ita ta gano mini wani Musulmi mai sayar da naman shanu, ita ta hana masu dafa abincin makaranta zuba mini miya daga tukunyar kowa. A watan Yuli ta shigo ofis da wata gwangwani mai huda a murfi ta ajiye a teburina.

Ta ce, “Ƙanena, iyayen yaran nan suna biyan ƙarin kuɗi saboda darasin baƙo. Wasu sun fara magana. Wani mai kantin magani ya tambayi shugaban makaranta ko an rasa farang ne. Ina so su ga aiki. Duk yaron da ya yi wani harshe ban da Turanci a ajinka, ya jefa baht ɗaya a nan.”

Na san gwangwanin nan, ko da yake ban taɓa ganinta ba. A makarantar kwanan da na yi, takarda ce a aljihun shugaban aji. Duk wanda aka ji yana Hausa sai a rubuta sunansa, ranar Asabar ya yi noman ciyawa ko ya sha bulala. Abin da dokar ta haifar a ajinmu shi ne shiru. Mu biyar ko shida da muka zo da ɗan Turanci daga gida muka ci gaba da magana, sauran arba'in suka koyi rufe baki, wasunsu har suka gama makaranta ban san muryarsu a aji ba, alhali a filin ƙwallo su ne masu ba'a da azanci.

Yaran Isan kuma nauyinsu ya fi namu. Abin da suke yi a gida ba harshen Bankok ba ne. Harshe ne ɗan'uwan na Lawos, har mutanen ƙetaren kogi in sun zo cin kasuwa ba sa neman tafinta. Yarjejeniyar 1893 tsakanin Faransa da masarautar Siyam ce ta mai da kogin iyaka, ta bar dangi a gaɓa biyu. Wanda ya tashi a Katsina yana da 'yan'uwa a Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yaro yana shiga makaranta ake sauya masa baki zuwa daidaitaccen harshen ƙasa, kuma ya girma yana ganin yadda ake mai da mai karin Isan abin dariya ko ɗan aikin gida a wasannin talabijin. Inda ɗan Bankok zai ce “mai pen rai”, wato ba komai, shi “bo pen nyang” ya sha a nono, kuma ya san wanne ne ake ɗauka na masu ilimi. Turancina shi ne hawa na uku a kan wannan gini. In na aza tara a kai, na san wanda zai fara yin shiru.

Na ce, “Yaya, ki ba ni zuwa ƙarshen zangon nan ba tare da ita ba. In ranar taron iyaye ba su gamsu ba, ki kawo ta, ko ki kawo farang.”

Ta daɗe tana kallona. Ta san abin da na sa a faranti, domin ita take raka ni banki ƙarshen wata, ta san rabin albashin Katsina yake tafiya. Ta ɗauki gwangwaninta ta saka a aljihun tebur, ta ce, “Zuwa Satumba.”

A aji uku na sakandare, wanda a nan ne karatun dole yake ƙarewa, akwai wani yaro ɗan shekara 15 da yake zama a bakin taga. Wata biyu ban ji ya ce uffan ba, in na tambaye shi sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Malamai sun riga sun yanke masa hukuncin daƙiƙi. Iyayensa suna aikin gini a Bankok, kamar iyayen yara da yawa a yankin, kakanninsa ne suke riƙonsa a wani ƙauye a bakin kogi. Amma na lura in an tashi tara, duk inda ya zauna nan dariya take, yana kwaikwayon muryar kowane malami, har da ni.

Aikin da na ba su mai sauƙi ne. Kowa ya je gida ya samo abu ɗaya da kakarsa ko kakansa ya iya wanda ni ban iya ba, ya zo ya koya mini da Turanci. An yarda su yi shawara da junansu da kowane harshe, amma ni sai da Turanci, tunda shi kaɗai ya haɗa mu. Na kuma yi musu alkawarin duk kalmar Isan da suka koya mini zan faɗe ta a gaban aji su gyara mini. Wannan ya fi komai yi musu daɗi. Suka ga malami yana tuntuɓe ana dariya, bai mutu ba.

A nan na gane matsalolin bakinsu irin namu ne da wata riga. Ba sa son baƙi biyu a jere, sai su cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi har muka samu burodi da fursuna da sitiyari. Lam a ƙarshen kalma tana koma musu nun, shi ya sa ƙwallon ƙafa ta zama “futbon”. Aikatau a harshensu ba ya sauya siffa don jiya ko gobe, don haka wutsiyoyin da Turanci yake liƙa wa aikatau suna yi musu kama da wahalar banza. Na ba su labarin yadda Bahaushe yake fama da “p” da “f”, da shekarun da na yi kafin in raba su. Bature ba shi da irin wannan labarin da zai ba su, domin bai taɓa hawa dutsen ba, a samansa aka haife shi.

Ranar taron iyaye, yaron taga ya zo da tarkon kifi na gora da kakansa ya saƙa, dogo mai baki kamar mazurari. Hannunsa yana rawa. Ya ɗaga shi ya nuna bakin, ya nuna inda tsinken gorar suka karkata ciki, ya ce, “Fish go in. Fish cannot go out.” Ya yi bayanin inda ake kafa shi, da bakin yana kallon inda ruwa ya nufa, da lokacin da ake zuwa dubawa. Jimlolinsa gajeru ne, babu wadda ta cika ƙa'ida in ban da biyu ko uku, amma minti huɗu ya yi yana magana, kuma ni da ban taɓa kama kifi ba na fahimci yadda ake yi. Da na yi masa tambayar da bai shirya mata ba, ko kifin ba ya ganin tarkon, sai ya yi ɗan shiru, ya ce kifi yana gani, yunwa ce ba ta gani. Da Turanci ya faɗa, a karye, kuma shugabar sashenmu ce ta fara dariya. Kakarsa tana zaune a layin baya da zanen saƙi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, tana ta gyaɗa kai.

Ba zan ce taron ya sauya garin ba. Mai kantin magani ya cire 'yarsa ya kai ta wata makaranta a babban birnin lardi, inda akwai farang biyu. Albashina bai motsa ba a wannan shekarar. Gwangwanin dai ba ta sake fitowa daga aljihun tebur ba.

Shekarar karatu a can tana ƙarewa a watan Maris, lokacin da zafi yake tsananta, hayaƙin ƙona gonaki ya rufe kogin. Azumin 2024 a cikinsa ya faɗo. Na yi shi ni kaɗai, da agogon waya a madadin ladan. In na sha ruwa da magariba, a Katsina ko azahar ba a yi ba, domin awa shida ce tsakaninmu, sai mahaifiyata ta ce in daina kiranta ina tauna. Wata maƙwabciyata tsohuwa, da ta lura ba na cin komai da rana, ta ɗauka irin kamun bakin limaman Buddha ne, waɗanda ba sa cin abinci bayan tsakar rana. Da aka yi mata bayani cewa nawa a juye yake, sai ta riƙa rataya mini mangwaro da shinkafa a ƙofa kafin faɗuwar rana. Sallah ta kama 10 ga Afrilu. Na yi doguwar tafiya a mota zuwa wani birni mai masallaci, na yi idi a cikin mutanen da salamu alaikum kaɗai ta haɗa mu. Kwana uku bayan haka aka shiga Songkran, sabuwar shekararsu, garin duka ya fito da bokitai ana watsa wa juna ruwa, ɗalibaina suka tare ni a bakin kasuwa suka jiƙa mini kaftanin Sallah sharkaf.

Yaron taga ba ya cikinsu. Na yi magana da kakarsa tun a Fabrairu, shugabar sashenmu tana fassara, na ce yaron yana da kai, a bar shi ya yi sauran shekara ukun. Tsohuwar ta saurare mu har ƙarshe, ta ce ƙafar uban ta samu rauni a wurin aiki, kuma akwai bashin taki. Ban sami abin cewa ba. Ni kaina bashi ne ya kawo ni garinsu. Washegarin rufe makaranta ya hau motar dare, irin wadda ta kawo ni, ya nufi inda na fito.

Kamfanin ya sabunta mini kwantiragi da ƙarin baht 1,000. Na sa hannu. Zuwa lokacin na mayar wa mahaifiyata kuɗin saniya ɗaya, saura ɗaya, kuma farashin shanu a gida ba ya jiran kowa. A tsakiyar Mayu aka koma makaranta, aka miƙo mini rajistar sababbin ɗalibai da rubutunsu, na karanta sunayen da kaina, a hankali, yatsana a ƙarƙashin kowane baƙi, yara suna gyara mini sauti.

A watan Yuli saƙon murya ya shigo mini ta LINE. Ƙarar injin kwaɓa siminti ta kusa danne maganar. Ya ce yana lafiya, aikin da nauyi, kuma akwai wani injiniya baƙo a wurin da ba ya jin harshen ƙasar, shi ake kira in ana so a gaya masa wani abu. Yana so in faɗa masa yadda ake cewa a ƙara masa kuɗi da Turanci, amma cikin ladabi. Na rubuta masa jimlar, na karanta ta sau uku a hankali na aika. Can da dare ya maido mini da ita da muryarsa, ya tambaya ko ya faɗa daidai. Akwai “s” ɗaya da ya haɗiye a ƙarshe. Na ce masa ya je da ita haka.